Motsa jiki bayan bugun zuciya

Motsa jiki bayan bugun zuciya tsari ne na atisaye da majinyaci ke yi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, bayan jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciyarsa ta toshe. Shi ne ginshiƙin shirin farfaɗo da zuciya, wanda ya haɗa da shan magani a kan lokaci, gyaran abinci da daina shan taba. Bincike ya nuna yana rage komawa asibiti, yana kuma taimaka wa mutum ya koma sana'arsa.

Tarihi

A shekarun 1930, likitoci kan kwantar da mai bugun zuciya kimanin mako shida ba motsi. Doguwar kwanciyar na raunana jiki, tana kuma sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. A 1952, Samuel Levine da Bernard Lown na birnin Boston a Amurka suka wallafa sakamakon zaunar da majinyata a kujera tun kwanakin farko. Daga nan aka fara barin majinyaci ya tashi ya taka da wuri.

Yadda ake yi

Ana farawa tun a asibiti da zama, tsayuwa da ɗan tattaki. Bayan sallama, likita kan auna hawan jini, ya duba zuciya da na'urar ECG, sannan ya yanke iyakar da za a tsaya. Shirin kan ɗauki kimanin mako 12, ana zuwa sau biyu ko uku a mako. Kowane zama na farawa da ɗumama jiki, sai tafiya ko tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, a ƙarshe a sassauta a hankali. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya iya magana yana tafe. Idan numfashi ya hana shi, ya wuce gona da iri.

Alamomin haɗari

Ana dakatawa nan take idan aka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, haki mai tsanani ko zuciya na bugawa ba daidai ba. Idan ciwon bai lafa da hutu ba, a garzaya asibiti.

A karkara

Ga mazauna garuruwa irin su Basirka a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, manyan asibitocin da ake dosa sun haɗa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Nisa da kuɗin mota kan sa zuwa sau uku a mako ya yi wuya, don haka likita na iya tsara atisayen da za a yi a gida, ana komawa dubiya lokaci-lokaci.

Aikin gona ba ya maye gurbin wannan tsari. Huɗa da ɗaukar buhun hatsi na ɗaga hawan jini farat ɗaya, saboda haka manomi ba ya komawa gare su sai likita ya amince. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, an fi so a yi tattaki da sassafe ko da yamma, tare da wani na gida.