Yadda Waƙoƙin Somaliyawa Suka Shiga Turanci

Har zuwa ranar 21 ga Oktoban 1972, lokacin da gwamnatin Siad Barre ta zaɓi haruffan boko, harshen Somali ba shi da rubutun da kowa ya amince da shi. Waƙa a ka take zaune. Mawaƙi ya tsara baitocinsa, mahaddata su ɗauka su kai bakin rijiya da kasuwa da zaman dattawa. Ƙa'idar kuwa ba wasa: mai rerawa sai ya ambaci sunan mai waƙar, kuma ba shi da ikon sauya ko kalma ɗaya.

Gabay shi ne uban waƙoƙin, da shi ake sulhu, da shi ake hura wutar gaba. Mata suna da tasu, buraambur. Bahaushe ya saba jin amsa-amo a ƙarshen baiti, amma Basomale a farkon kalma yake sa nasa. Harafi guda zai zaɓa, kuma kowane rabin layi na gabay sai an sami kalmar da ta fara da shi, komai tsawon waƙar. Da wannan makami Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ya haɗa bindiga a yaƙinsa da Turawan Ingila har zuwa 1920, kuma waƙarsa kan mutuwar hafsa Richard Corfield a 1913 tana bakin mutane har yau.

Matafiyi Richard Burton, da ya ratsa ƙasar Somaliyawa a 1854, ya lura mawaƙa sun yi yawa, amma sai bayan shekara 100 aka sami littafin fassara. Margaret Laurence, 'yar Kanada da aikin mijinta ya kai Somaliland, ta fitar da A Tree for Poverty a 1954, da taimakon Musa Galal da B. W. Andrzejewski. A 1964 Andrzejewski da I. M. Lewis suka wallafa Somali Poetry: An Introduction. Aikin malamai ne, an yi shi da amana, sai dai ma'ana ce ta haye, amon ya tsaya a gida. Turanci ba ya jure harafi ɗaya layi bayan layi ba tare da ya koma wasan yara ba.

A gida kuwa kaset ya karɓi aikin mahaddata. An tsare mawaƙi Hadraawi daga 1973 zuwa 1978 saboda waƙoƙinsa. Wani mawaƙin, Gaarriye, ya bayyana ƙa'idojin karin waƙar Somali a jarida a 1976, sannan a ƙarshen 1979 ya buɗe Deelley, jerin waƙoƙin raddi kan harafin D da mawaƙa da dama suka shiga, ana miƙa kaset hannu da hannu. Rushewar gwamnati a 1991 ta watsa mawaƙa da masu sauraronsu ƙasashen waje, da yawa suka sauka Landan.

Can aka sake dabara. A 2004 Sarah Maguire ta kafa Poetry Translation Centre, inda masanin harshe kamar Martin Orwin yake zube ma'ana kalma bayan kalma, sannan mawaƙin Turanci ya sake ɗinka ta. W. N. Herbert ya yi aiki kan waƙoƙin Gaarriye, Clare Pollard kan na Caasha Lul Mohamud Yusuf, wadda littafinta The Sea-Migrations ya fito a 2017.

A wurin karatu mutum biyu suke hawa dandamali. Mawaƙin ya rera da Somali, 'yan ƙasarsa suna amsawa da tafi da dariya tun kafin sauran jama'a su san me aka ce, sannan mai fassara ya biyo da Turanci. Wanda bai ji harshen ba ya sami amon daga baki ɗaya, ma'anar daga ɗayan. Ana irin wannan zama a bikin Somali Week na Landan, da baje kolin littattafai na Hargeisa da aka fara a 2008.