Haɗin kan iyaye da ƙwararru wajen kula da yara masu buƙata ta musamman

Likita kan ga yaro mai buƙata ta musamman na ɗan lokaci kaɗan, malami kuwa na 'yan sa'o'i a rana. Sauran rayuwar yaron a gida take, don haka nasarar magani ko karatu ta rataya ne a kan fahimtar juna tsakanin iyaye da ƙwararru.

Misali mafi bayyana shi ne jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a lanƙwashe zuwa ciki. A tsarin da Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka ya ƙirƙiro, ana miƙar da ƙafar sannu a hankali, ana sauya ɗaurin siminti duk mako har kimanin makonni shida. Daga nan aikin ya koma hannun iyaye: yaron zai sa takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe awa 23 a kullum na wata uku, sannan da dare har ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Daina sa takalman kafin lokaci shi ne babban dalilin da ƙafar ke sake lanƙwashewa.

Haka abin yake ga yaro kurma. Idan ya koyi maganar hannu a makaranta amma babu mai iya ta a gida, zai zauna baƙo cikin danginsa.

A ɓangaren doka, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019. Dokar ta tanadi ilimi kyauta har matakin sakandare, ta kuma samar da hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu.

Haɗin kai na ƙwarai yana da sharuɗɗa. Wajibi ne ƙwararre ya yi bayani da harshen da iyaye ke ji, ya gwada musu aikin da hannu, ya kuma saurari abin da suka lura da shi. Iyaye kuwa su faɗi gaskiya game da kuɗin mota, maganin gargajiya da aka gwada, da ranakun da aka tsallake. Ya kamata a sanya uba da kaka cikin shawara, domin sau da yawa su ke yanke hukuncin komawa asibiti.