Tarihin Maganin Ɗingishin Doki: Daga Maɗori Zuwa Likitan Dabbobi

TAMBAYA: Masu sauraronmu daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun aiko suna tambaya, wai da gaske ne Turawa na warkar da ɗingishin doki da hannu kawai, ba allura ba magani? Kuma yaushe aka fara wannan?

AMSA: To jama'a, da gaske ne akwai masu yin haka, sai dai ba kowane ɗingishi ne hannu ke warkarwa ba. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Doki ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara sa wa dawaki lifidi. A Katsina kuwa, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Usman Nagogo, sun yi suna wajen kiwon dawaki da wasan folo. Har yau idan Salla ta zo, hakimai irin su Sarkin Pauwa na Ƙanƙara da Sarkin Yamma na Faskari da tawagar dawakai suke zuwa Katsina. Duk inda ake da barga kuwa, sai an sami masu jinyar doki. Idan targaɗe ne, a gasa wurin da ruwan zafi, a murza da man kaɗe, a ɗaure doki a turke ya huta. Idan ƙashi ne ya goce, a kira maɗori. Idan kumburi ya ƙi sacewa, a yi sakiya ko lalas da ƙarfe mai zafi.

Larabawa ma sun yi nisa a wannan fanni. A ƙarni na 14 wani mai kula da dawakan Sarkin Misira, Abubakar ɗan Badar al-Baiɗar, ya rubuta babban littafi kan kiwon doki da cututtukansa. A Turai, wani malamin koyar da sukuwa, Claude Bourgelat, shi ya buɗe makarantar likitan dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1762. A nan Nijeriya an kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara horar da likitocin dabbobi cikin shekarun 1960.

Shi kuwa wannan gyara da hannu da kuke tambaya, sunansa kairofiratik, watau danna gaɓoɓin ƙashin baya da wuya don su saki. Wani mutum mai suna D. D. Palmer ya fara shi a garin Davenport na Amurka a 1895, kuma a kan mutane ya fara. Sai a 1989 wata likitar dabbobi, Sharon Willoughby, ta jagoranci kafa ƙungiyar masu yi wa dabbobi wannan aiki a Amurka. Hujjarsu ita ce a dubi doki gaba ɗayansa: bayansa, sirdinsa, abincinsa da mai hawansa, kada a tsaya kan ƙafar kawai. Wannan magana ce mai ma'ana, kuma tsofaffin 'yan barga sun san ta tuntuni. Bincike ya nuna dannar na iya rage ciwon baya da saƙewar jiki. Amma ba ta ɗora karaya, ba ta fitar da mugunya.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kuma yawancin ɗingishinsu daga kofato yake fitowa. Saboda haka kafin ka kira kowa, Malam, sa yaro ya ja dokin da sassarfa a ƙasa mai tauri. Ƙafar gaban da ya ɗaga kai in ta taɓa ƙasa, ita ce mai ciwo. Ɗaga ta, ka share kofaton, ka duba ƙaya ko ƙusa ko tsakuwa, ka taɓa ka ji ko da zafi ko wari. Da damina, taɓo da fitsarin turke kan ruɓar da ƙasan kofato. Haka nan ɗirka wa doki dawa ko masara fiye da kima kan jawo kumburi a cikin kofato, ka ga yana tsayuwa ya miƙa ƙafafun gaba. Wannan ba aikin tausa ba ne. A janye hatsi, a nemi likita ran nan.

Idan ƙusa ce ta soke shi, a gaggauta allurar tetanus, domin wannan ciwo mai sandarar da jiki na kashe doki. Lalas kuwa, likitoci da yawa sun bar shi, don hutun da ake ba dokin bayan ƙunar shi ne yawanci ke kawo sauƙi. Sai in kofato da ƙashi sun fita lafiya, sannan a koma kan baya da sirdi, a yi gashi da tausa.

Allah ya ba dabbobinku lafiya. Sai mun sake ji daga gare ku.