Fargaba, Razana da Firgici: Kalmomin Tsoro a Tarihin Gombe

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa tsoro da fargaba da razana da firgici duk abu guda ne. Bahaushe kuwa ya rarrabe su, kuma lokaci ne ma'auninsa. Tarihin birnin Gombe ya isa misali.

Bayan mutuwar Muhammadu Marwa Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980, almajiransa suka watsu. Suka tayar da fitina a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, sannan a Jimeta a 1984. Halin da mutanen Gombe suka shiga daga nan shi ne fargaba, wato tsoron abin da bai iso ba tukuna, amma ana jin ƙamshinsa. Mai fargaba yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, sai dai zuciyarsa na ɗar-ɗar. Da zullumi suke tafiya, ko da yake shi zullumi ya fi kusa da tunani.

A watan Afrilun 1985 abin ya auku a unguwar Pantami, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi. A nan kalmar fargaba ta gaza. Ƙarar bindiga ta farko razana take haifarwa, domin razana ta farat ɗaya ce, jiki ne ke yin ta kafin hankali ya farga. Shi ya sa ake cewa hantar cikin mutum ta kaɗa. Firgici ya fi ta nauyi da daɗewa. Shi ne ke fitar da uwa daga gida ba mayafi, shi ne kuma ke tayar da yaro cikin dare bayan ƙura ta lafa. A ganina ita ce mafi zurfi duka, domin ta taɓa hankali. Wanda ya firgice har rubutu ake nema masa.

Abin lura shi ne, tarzoma ko rikici aka fi kiran abin Pantami. Amma da bam ya tashi a tashar Dukku ranar 22 ga Disambar 2014, kalmar da ta cika bakin jama'a da rediyo ita ce ta'addanci, 'yar uwar ta'adi, mai tushe a Larabci. Waɗancan tsofaffin kalmomi halin wanda abin ya faɗa wa suke bayyanawa. Ita wannan laifin mai aikatawa take nunawa.