BABI NA BIYU: INJINAN AUDUGA DA TASIRINSU GA KAƊI DA SAƘA A ƘASAR KATSINA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin waiwayen injinan da aka ƙirƙiro a farkon bunƙasar masana'antu a Turai, sannan a dubi yadda suka shafi sana'o'in auduga a ƙasar Katsina, musamman ƙauyukan Batsari da Safana irin su Karare.

2.1 Auduga Kafin Zuwan Inji

Kafin zuwan Turawa, auduga takan bi ta hannun mutane da dama kafin ta zama tufa. Manomi ya noma, mata su gurje ta da magurji su fitar da angurya, su yi shiɓa, sannan su kaɗa zare da mazari. Daga nan masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buge. Ke nan kowane mataki abincin wani gida ne. Da kuɗin kaɗi ne mata da yawa suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina da Kano a 1851, ya nuna cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu.

2.2 Ƙirƙiro Injina

A Ingila, John Kay ya ƙirƙiro ƙoshiya mai gudu a 1733, sai saƙa ta yi sauri har zare ya kasa isar masaƙa. Wannan ya sa James Hargreaves ya ƙera injin kaɗi wajen 1764, wanda mutum ɗaya yake kaɗa zare takwas da shi a lokaci guda. A 1769 James Watt ya inganta inji mai aiki da tururi, Edmund Cartwright kuma ya fito da injin saƙa a 1785. A Amurka, Eli Whitney ya ƙera injin gurza a 1793. Waɗannan injina sun sa masaƙun Manchester buƙatar auduga fiye da kima, abin da ya ƙara yaɗa bautar da baƙar fata a gonakin Amurka.

2.3 Shigowarsu Ƙasar Hausa

Neman auduga ne ya sa aka kafa kamfanin BCGA a Ingila a 1902, shekara ɗaya kafin Turawa su ci Katsina. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshensa kuma ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. An kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi. Jirgin bai biyo ta Batsari da Safana ba, amma kayan da yake saukewa sun isa kasuwanninsu.

Abin lura shi ne, masaƙan gida ba su faɗi nan take ba. Da farko sukan sayi auduga da tsada fiye da Turawa, manoman Kano kuwa suka karkata ga gyaɗa tun daga 1912. Sai dai harajin tsabar kuɗi da arhar akoko da alawayyo sun riƙa cin su sannu a hankali. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya ƙara wadata, mazari ya rasa kasuwa.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa inji ya kawo tufa mai arha, talaka ya samu sutura cikin sauƙi. Amma kuma ya mayar da Bahaushe mai sayar da ɗanyar auduga, mai sayen yadi. Waɗanda suka fi asara su ne mata masu kaɗi, domin sana'arsu ta cikin gida ce, kuma aikin masana'antar da ya maye gurbinta yana birni. A babi na uku za a dubi abin da ya rage na saƙar hannu a yankin Karare.