Nana Asma'u 'Yar Shehu: Ƙuruciya A Cikin Yaƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

Duk wanda ya zauna a ajin Islamiyya ya ji sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma yawanci a matsayin babbar malama dattijuwa ake ba mu labarinta. Ni kuwa yau ƙuruciyarta nake so mu duba, domin a tsakiyar yaƙi ta girma.

An haife ta a Ɗegel a ƙasar Gobir wajen shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, sai Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogon Sauru lokacin hijira. Ashe ita ma hijirar tana jiran ta.

A watan Fabrairu na 1804, da zama ya gagara tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, jama'a suka bar Ɗegel zuwa Gudu, maza da mata da yara, da dabbobi da littattafai. Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba. A Gudu aka yi wa mahaifinta mubaya'a ya zama Amirul Muminina, wato daga ran nan ta zama 'yar shugaban da sarkin ƙasa ke nema ruwa a jallo. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, Allah Ya ba jama'ar Shehu nasara.

To, amma nasara ɗaya ba ta cika rumbu. Mutanen nan sun baro gonakinsu, abinci ya yi wuya, sai tashi daga wannan sansani zuwa wancan. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda aka kashe musu mutum kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. Ku kwatanta halin matan da ke sansani suna jiran dawowar mazansu da 'ya'yansu. Asma'u tana cikinsu, ta ga zawarawa da marayu da idonta.

A 1805 suka zauna 'yan watanni a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, sannan suka koma Gwandu. A shekarar ne aka sha kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu kafin a kore su. Ana cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Waziri. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, Yunfa ya mutu, sannan hankali ya fara kwanciya.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan gudu da yunwa da zaman makoki ba su sa gidan Shehu ya ajiye wa 'ya'ya mata allo ba. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilmin addini, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tafiye-tafiyen nan ma ta tsara su cikin waƙa da Fillanci, wadda aka sani a Hausance da Waƙar Gewaye, kuma har yau masu tarihi suna amfana da ita.

Yaƙi kuma ya bar mata aiki. Garuruwa sun cika da matan da aka kamo da waɗanda aka kashe wa maza, da yawansu ba su san ko farillan alwala ba. Asma'u ba ta ce ai mutanen abokan gaba ne ba. Ta riƙa tsara karatu cikin waƙar Hausa mai sauƙin haddacewa, ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jaji, tana ba kowacce malfa da jan rawani, su kuma su shiga ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare cikin Sakkwato kusa da mahaifinta.

'Yan uwa, mu ma baƙunci muke yi, nesa da garuruwan iyayenmu, kuma sau da yawa shi muke fakewa da shi. Za ka ji mutum yana cewa ai nan ba gida ba ne, bari yarinya ta yi talla tukuna, in an koma Arewa ta yi karatu. Alhali wasunmu kakanninsu ma a nan aka haife su, kuma komawar ba ta zo ba. Yarinya ta wuni da faranti a ka tsakanin tasha da kasuwa, ga Islamiyya a bayan gidansu, ga makarantar boko a bakin titi. Shehu yana gudun hijira da mashi a bayansa ya karantar da tasa 'yar, mu da muke kwana a ɗakunanmu lafiya me za mu ce ranar da aka tambaye mu?

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana a taro mai zuwa. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya shirya mana zuriya. Wassalam.