Daga Ambursa Zuwa Jidda

Wannan makon hanyar Makka za mu bi.

Wanda ya taso daga Argungu ya nufi Birnin Kebbi, kafin ya shiga gari zai wuce filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Daga nan zuwa Jidda, idan aka miƙe, kimanin kilomita 3,800 ne, kuma jirgi kan cinye su cikin awa biyar ko kusa da haka. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, don haka maniyyacin da ya tashi ƙarfe goma na safe zai sauka wajen biyar na yamma a can. A 2024 daga wannan fili aka ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya.

Kakanninmu na Kabi ba da awa suke lissafin wannan tafiya ba, da damina suke yi. Mutum zai yi sallama, ya bar wasiyya, ya kama hanya a ƙafa ko a kan jaki: Sakkwato, Kano, Borno, Wadai, Darfur, har bakin Bahar Maliya a Sawakin, inda jirgin ruwa zai haye da shi. Guzuri ya ƙare, sai ya yada zango ya yi noma ko ƙwadago, ya tara, ya ƙara gaba. Da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira na Sudan. Wasu can suka yi aure, suka hayayyafa, ba su kai Makka ba kuma ba su dawo gida ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira da jama'a bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903.

Shi ya sa nakan yi murmushi idan na ga labarin da aka ce ya faru a farkon zamanin Turawa, wai Malam ya tafi Hajji ya dawo bayan wata guda. Ina! Yaron da ya bari a goye zai tarar yana kiwon awaki.

Jiragen sama na farko da suka sauka a Najeriya ma ta wannan ɓangaren suka ɓullo. A Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka iso Kano daga Masar ta Khartum, bayan sun kwashe kwanaki suna zango.

Har yau Sudan ba ta fita daga lissafin ba. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazanmu suka yi zagaye. Tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi.